Ƙofar Tumbi da Ta Ƙi Buɗewa: Tarihin Aikin Heller da Abin da Shekaru Suka Nuna



Cikin cututtukan da ke hana mutum cin abinci akwai wani da ba kasafai ake jin sunansa ba, domin a ƙiyasin likitoci kusan mutum ɗaya ne cikin kowane 100,000 yake kamuwa da shi a shekara. Mai wannan ciwo yana jin yunwa kamar kowa, yana tauna abinci lafiya lau, yana haɗiyewa, amma loma ba ta isa tumbi. Sai ta tsaya masa a ƙirji, ya bi ta da ruwa, ruwan ma ya tsaya. Da dare kuma abin da ya ci tun da rana ya dawo masa baki yadda ya haɗiye shi, wani lokaci har ya ƙware shi cikin barci. Likitoci na kiran wannan ciwo akalashiya. Mafi shaharar maganinsa wata tiyata ce da ake kira aikin Heller, kuma da zarar likita ya ambaci tiyata, tambayar majinyaci da iyalinsa ɗaya ce: in an yi aikin, an rabu da ciwon ke nan har abada?

Amsar wannan tambaya tana cikin tarihi. Shekara 350 ke nan likitoci suna fama da wannan ciwo, kuma sau da yawa wata dabara takan fito a yi ta murna da ita a shekarar farko, sai bayan shekara goma ko ashirin a gane ainihin amfaninta da illarta. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Zan bi da ku ta wannan tarihi, domin wanda ya san abin da ya faru da waɗanda aka yi wa aikin tun da daɗewa shi ne zai san abin da zai sa rai da shi, da kuma abin da ya rage a wuyansa bayan an sallame shi daga asibiti.

Yadda ciwon yake

Bututun abinci shi ne hanyar da ta tashi daga maƙoshi, ta bi ta tsakiyar ƙirji, ta shiga tumbi. Tsawonsa a jikin babban mutum ya kai kimanin santimita 25. Aikinsa iri biyu ne. Na farko, tsokar da ke jikinsa tana matsewa daki-daki daga sama zuwa ƙasa, tana tura loma gaba. Na biyu, a ƙarshensa akwai wani zoben tsoka da yake tsuke bakin tumbi kamar yadda zariya take tsuke bakin jaka. Zoben nan yakan saki jiki idan loma ta iso, ya sake tsukewa bayan ta wuce, don kada ruwan asid na tumbi ya hauro.

Masu ba wannan zobe umarnin ya saki jiki wasu ƙananan jijiyoyin saƙo ne da ke kwance a cikin bangon bututun. A jikin mai akalashiya waɗannan jijiyoyi suna lalacewa sannu a hankali har su ƙare, kuma masana sun fi karkata ga cewa garkuwar jikin mutum ce da kanta take far musu. Idan suka ƙare, zoben ya daina buɗewa, turin loma ma ya tsaya. Abinci ya riƙa taruwa a saman ƙofar da ke rufe, bututun ya riƙa buɗaɗa shekara bayan shekara, har wani ya lanƙwashe kamar safa.

Ku riƙe wannan, domin a kansa duk tarihin ya tsaya: har yau babu magani ko tiyatar da ke dawo da jijiyoyin da suka mutu. Duk abin da likitoci suka ƙirƙiro, tun daga na farko har zuwa na yau, hanya ce ta raunana wannan zobe domin abinci ya gangara da nauyinsa.

Daga ƙashin kifi zuwa balan-balan

Bayanin farko da aka fi sani ya fito ne daga Thomas Willis, likitan Ingila da ya koyar a Oxford. A 1674 ya ba da labarin wani mutum da kusan duk abin da ya ci sai ya dawo, har yunwa ta kusa kashe shi. Willis ya samo siririyar sanda ta ƙashin wel, wato ƙaton kifin nan na teku, ya ɗaura ɗan soso a bakinta. Bayan mutumin ya ci abinci sai ya zura sandar ta maƙoshinsa, ya tura abincin zuwa tumbi. Da wannan sanda ya rayu shekara 15 yana ci yana sha. Ciwon yana nan bai tafi ba, amma an sami hanyar zama da shi.

Sai a ƙarni na 19 ilimi ya fara haskaka abin da ke faruwa. A 1862 wani Bajamushe masanin halittar jiki, Leopold Auerbach, ya bayyana sarƙar jijiyoyin da ke cikin bangon hanyar abinci, waɗanda har yau ake kira da sunansa. Shahararren likitan tiyata Johann von Mikulicz ya ɗauki ciwon a matsayin murɗewar tsokar bakin tumbi, kuma wannan fahimta ta daɗe tana yawo a littattafan likitanci. Bayan Wilhelm Röntgen ya gano hoton eksire a 1895, likitoci suka fara ba majinyaci wani farin ruwa mai kauri ya sha, su ɗauki hotonsa yana gangarawa. Nan ne aka fara ganin siffar da har yau ake gane ciwon da ita: bututu buɗaɗɗe a sama, tsukakke a ƙasa kamar bakin tsuntsu.

A ƙarshen wannan ƙarni da farkon na 20 aka koma ga dabarar buɗa ƙofar da ƙarfi. Aka ƙera jakar roba da ake zurawa har bakin tumbi a hura mata iska ko a ɗura mata ruwa, ta kumbura ta yage wani ɓangare na tsokar. Henry Plummer na asibitin Mayo a Amurka yana cikin waɗanda suka yi fice a wannan. A Landan kuma Arthur Hurst na asibitin Guy ya yi amfani da bututun roba da aka ɗura wa zaiba don ya yi nauyi. Hurst ne ya yaɗa sunan akalashiya, kalmar da aka samo daga Girkanci, ma'anarta gazawar sakin jiki. Shi da abokin aikinsa Geoffrey Rake sun nuna cewa jijiyoyin Auerbach ne suke lalacewa a jikin masu ciwon, suka buga sakamakon aikinsu a 1930. Daga baya likitocin Brazil suka ƙara tabbatar da haka ta wata fuska, domin a can cutar Chagas, wadda Carlos Chagas ya gano a 1909, tana cinye waɗannan jijiyoyi ta haifar da ciwo mai kama da wannan sak.

Ranar 14 ga Afrilu, 1913

A farkon ƙarni na 20 tiyatar bututun abinci abar tsoro ce. Babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, saboda haka idan aka huda bututun, ɗinki ya saki, abin da ke ciki ya tsiyaye a ƙirji ko a ciki, da wuya majinyaci ya tashi. Duk da haka wasu likitoci sun riƙa yanka bakin tumbi gaba ɗaya su sake ɗinke shi a buɗe, wasu kuma su haɗa gefen bututun da saman tumbi su yi wa abinci sabuwar hanya.

Ernst Heller, likitan tiyata a birnin Leipzig na Jamus, ya bi wata hanya dabam. Bangon bututun abinci hawa-hawa ne: tsoka a waje, lallausar fata a ciki. Ranar 14 ga Afrilu, 1913, ya buɗe cikin wani majinyaci, ya tsaga tsokar kaɗai a tsaye, gaba da baya, ya bar fatar ciki ba tare da ya huda ta ba. Zoben ya rasa ƙarfin tsukewa, abinci ya sami hanya, kuma ba a buɗe bututun ba balle wani abu ya tsiyaye. Ya buga bayanin aikin a 1914. Bayan wasu shekaru likitocin ƙasar Holan, musamman Zaaijer a 1923, suka nuna cewa tsagi ɗaya ta gaba ya wadatar. Wannan gyararren salo shi ne ake yi har yau, inda ake tsaga kimanin santimita 6 a bututun, a zarce da santimita 2 zuwa 3 a jikin tumbi.

Abin mamaki, aikin Heller bai karɓu nan da nan ba. Likitoci da yawa a Jamus da Ingila da Amurka sun ci gaba da tsofaffin hanyoyinsu, domin majinyatansu suna tashi daga gadon asibiti suna haɗiya yadda suke so. Sai a 1949 likitoci biyu na Landan, Norman Barrett da R. H. Franklin, suka bibiyi waɗanda aka yi wa irin waɗancan ayyuka shekarun baya. Suka tarar da yawansu cikin mummunan hali. Ƙofar da aka wangale gaba ɗaya ta bar asid yana haurowa dare da rana, ya ƙone bututun, ya yi masa gyambo, wasu suna zubar da jini, wasu kuma tabon ƙunar ya sake tsuke hanyar. Wannan rahoto ya taimaka wajen watsi da waɗancan ayyuka da komawa ga na Heller. Shi ne kuma darasi na farko da tarihin wannan ciwo ya koyar: ba a auna nasarar aiki a ranar sallama.

Ƙwannafi, farashin buɗe ƙofa

Aikin Heller ma bai tsira daga wannan matsala ba, sai dai tasa ta fi sauƙi. Ƙofar da aka raunana don abinci ya sauka ita ce dai ƙofar da asid zai bi ya hau. Kuma tun da bututun ya daina turi, asid ɗin da ya hauro yakan daɗe a ciki bai koma ba. Likitoci suka rabu gida biyu. F. Henry Ellis a Amurka yana shiga ta ƙirji, ya taƙaita tsagin da yake yi a jikin tumbi, yana ganin hakan ya isa ya hana asid haurowa. Wasu kuma, musamman a Turai da Kudancin Amurka, suna shiga ta ciki su yi tsagi mai tsawo, sannan su ƙara wani ɗinki na kariya.

Wannan ɗinki ya samo asali ne daga aikin Rudolf Nissen, wanda a tsakiyar shekarun 1950 ya fara naɗe saman tumbi kewaye da ƙarshen bututun abinci don maganin ƙwannafi. Amma cikakken naɗi yakan yi wa bututun da ba ya turi tsauri. Saboda haka likitoci biyu na Faransa suka kawo rabin naɗi: Jacques Dor na Marseille a 1962, wanda yake rufa saman tumbi ta gaba, da André Toupet na Faris a 1963, wanda yake naɗawa ta baya.

An shafe shekaru ana muhawara kan ko wannan ƙari ya zama dole. A 2004 likitocin Jami'ar Vanderbilt a Amurka suka raba majinyata 43 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu aikin Heller kaɗai, wasu aka ƙara musu ɗinkin Dor. Da aka auna asid a bututunsu, kusan kashi 48 cikin 100 na rukunin farko suna da haurowar asid fiye da ƙima, a rukuni na biyu kuwa kashi 9 ne kawai, kuma ɗinkin bai hana su haɗiya ba. Tun daga nan haɗa aikin Heller da rabin naɗi ya zama abin da aka saba.

Abin da shekaru suka nuna

Cikin waɗanda suka fi haƙurin bibiyar majinyata akwai Attila Csendes na birnin Santiago a ƙasar Chile. A 1989 ya buga gwajin da ya kwatanta tiyata da balan-balan irin na wancan zamani, inda bayan kimanin shekara 5 kashi 95 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata suke cikin kyakkyawan hali, na balan-balan kuwa kashi 65. Bai tsaya nan ba. A 2006 ya fitar da rahoton majinyata 67 da aka bibiya na tsawon wata 190 a matsakaici, wato kusan shekara 16, wasunsu ma fiye da shekara 20. Kashi 73 cikin 100 suna nan cikin kyakkyawan hali. Yawancin waɗanda al'amarinsu ya lalace haurowar asid ce ta jawo musu, kuma uku daga cikin 67 ɗin sun kamu da sankarar bututun abinci.

Ku dubi waɗannan alƙaluma da kyau. Kusan mutum uku cikin huɗu suna cin abincinsu lafiya bayan shekara 16, kuma wannan babbar nasara ce ga ciwon da a da yake ramar da mutum har lahira. Amma adadin yana raguwa da tafiyar lokaci, kuma abin da ke rage shi yakan zo a hankali, ba tare da hayaniya ba.

A 1991 Alfred Cuschieri da abokan aikinsa a Dundee ta Skotlan suka yi aikin Heller ta ƙananan huda a ciki, da kyamara da dogayen kayan aiki, maimakon doguwar yanka. Wannan ya rage zafi da kwanakin jinya ƙwarai, har majinyaci kan koma gida cikin 'yan kwanaki. Likitocin Jami'ar Padua a Italiya sun yi irin wannan aiki ga mutum 1,001 cikin shekara 25, suka buga sakamakon a 2019. Kusan tara cikin goma sun sami biyan buƙata, kuma a lissafinsu fiye da kashi 80 cikin 100 za su kai shekara 20 ba tare da ciwon ya dawo ba. Sun kuma lura cewa waɗanda bututunsu ya riga ya buɗaɗa ya lanƙwashe kafin aiki su ne suka fi samun koma baya. Ke nan jinkiri yana rage rabon mutum.

Balan-balan ma ya inganta. Wani babban gwaji a ƙasashen Turai, ƙarƙashin jagorancin Guy Boeckxstaens, ya raba majinyata 201 tsakanin aikin Heller da balan-balan na zamani da ake yi mataki-mataki. Ana auna nasara ne da wani ma'auni da likitan Jamus Volker Eckardt ya tsara, mai duba abu huɗu: wahalar haɗiya, dawowar abinci, ciwon ƙirji da rama. Kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 3, kuma wanda jimillar makinsa ba ta wuce 3 ba shi ake ƙirgawa cikin masu nasara. Bayan shekara 2, nasarar tiyata kashi 90 ce, ta balan-balan 86. Bayan shekara 5 suka koma 84 da 82. Bayan shekara 10 dukansu biyu suka tsaya a kashi 74. Sai dai kusan ɗaya cikin huɗu na masu balan-balan sun buƙaci a sake musu cikin shekara 5, kuma a kashi 4 cikin 100 balan-balan ɗin ya huda bututun.

Sabuwar hanya ta zo daga Japan. A watan Satumba na 2008 Haruhiro Inoue, a birnin Yokohama, ya yi tsagin Heller ta baki, ba tare da yanka fatar ciki ba. Yana zura na'urar leƙa ciki, ya haƙa ɗan rami a ƙarƙashin lallausar fatar bututun, ya tsaga tsokar daga ciki. Ana kiran wannan aiki POEM. A 2019 aka buga gwajin da ya kwatanta shi da aikin Heller mai ɗinkin Dor a kan majinyata 221. Bayan shekara 2 nasararsu kusan ɗaya ce, kashi 83 da kashi 82. Amma da yake a POEM ba a yin ɗinkin kariya, an ga ƙunar asid a bututun kashi 44 cikin 100 na waɗanda aka yi wa shi, a ɗaya rukunin kuwa kashi 29. Matsalar da Barrett da Franklin suka nuna a 1949 ita ce ta sake ɗago kai cikin sabuwar riga.

Magungunan sha kuwa ba su taɓa maye gurbin waɗannan hanyoyi ba. Nifedipine da isosorbide dinitrate suna ɗan sassauta zoben idan an sha kafin cin abinci, amma tasirinsu gajere ne, kuma sukan kawo ciwon kai da jiri da faɗuwar bugun jini. Allurar Botox da ake yi wa zoben ta na'urar leƙa ciki, wadda Pankaj Pasricha ya fara a Amurka a shekarun 1990, takan yi aiki na wata 6 zuwa shekara guda, sannan ta sake. An fi ajiye waɗannan ga tsofaffi da masu rauni waɗanda ba za su jure tiyata ba.

Abin da ya rage a wuyanku

Ga amsar tambayar da muka fara da ita. Mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin Heller suna komawa cin abinci, ƙibarsu ta dawo, kuma bakwai zuwa takwas cikin goma suna nan lafiya bayan shekara goma ko fiye. Amma jijiyoyin ba su dawo ba, bututun bai koma turi ba, kuma ƙofar tana buƙatar a riƙa duba ta muddin rai. Komawa asibiti ɓangare ne na maganin.

Na farko, kada a yi jinkirin gano ciwon. A ƙasashenmu mai wannan ciwo yakan shafe shekaru ana ba shi maganin olsa, yana jiƙa kanwa yana sha, domin zafin ƙirji da dawowar abinci sun yi kama da ƙwannafi. Alamar da ta bambanta shi ita ce tuwo da ruwa duka suna tsayawa, kuma abincin da ke dawowa bai narke ba. Duk wanda ke da wannan ya nemi a yi masa hoton haɗiyar bariyom da leƙen ciki. Leƙen yana da muhimmanci musamman ga wanda ya manyanta kuma yake ramewa da sauri, domin sankarar bakin tumbi takan yi shigar wannan ciwo. Inda ake da na'urar auna matsin bututun, ita ce ke tabbatar da ciwon da kuma nau'insa, abin da ke taimaka wa likita zaɓen aikin da ya dace. Ana yin aikin Heller a manyan asibitocin koyarwa na Najeriya.

Na biyu, ku ɗauki ƙwannafi da muhimmanci bayan aiki. Wasu asid yana ƙona bututunsu ba tare da sun ji zafi ba, saboda haka rashin jin ciwo ba hujja ba ce ta daina zuwa asibiti. Idan likita ya rubuta omeprazole ko ɗan'uwansa, a sha shi kimanin rabin awa kafin karin kumallo, kuma kada a dakatar da shi sai da shawararsa. Maganin rage asid na ruwa da ake saya a kyamis yana kwantar da zafi na ɗan lokaci ne kawai, ba ya warkar da ƙuna.

Na uku, tun da nauyin abinci ne ke gangarar da shi, a ci a zaune tsaf, a tauna sosai, a yi ƙananan lomomi, a riƙa bi da ruwa. A bar aƙalla awa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya, a kuma ɗaga kan gado. A watan azumi a kula da komawa barci nan take bayan sahur. Taba da giya suna ƙara haɗarin sankarar bututun abinci, a nisance su.

Na huɗu, a kula da ƙwayoyin magani. A wurin aikinmu na harhaɗa magunguna mun san wasu ƙwayoyi da kan ƙona bututun idan suka maƙale a ciki, kamar doxycycline, da alendronate, da ƙwayar potassium, da ta ƙarin jini, da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Bututun da ba ya turi ya fi kowanne saurin riƙe su. A sha kowace ƙwaya a zaune ko a tsaye, da cikakken kofin ruwa, kada a kwanta sai bayan rabin awa. Kada a daka ƙwaya ko a buɗe kafso sai an tambaya, domin wasu an yi musu rufi na musamman, wasu kuma an tsara su su riƙa narkewa a hankali, dakawa na lalata su. Ku gaya wa duk likita ko mai ba da magani cewa kuna da wannan ciwo, domin a zaɓa muku na ruwa ko mai narkewa idan akwai.

Na biyar, idan haɗiya ta sake yin wuya, kada a ɗauka aikin ya tashi a banza. In matsalar ta dawo cikin watannin farko, galibi tsagin ne bai kai inda ya kamata ba, ko ɗinkin ya yi tsauri. In kuwa bayan shekaru ne, ana duba tabon ƙunar asid, da ƙarin buɗaɗar bututun, da sankara. Yawancin masu koma baya ana taimaka musu da balan-balan, ko POEM, ko sake aikin Heller, kuma kaɗan ne ƙwarai ake kai wa ga cire bututun. Haɗarin sankara ya fi na sauran mutane, musamman bayan ciwon ya haura shekara 10, amma duk da haka 'yan kaɗan ne take kamawa. Ku tattauna da likitanku kan lokacin da ya dace a riƙa leƙa bututun. A gaggauta zuwa asibiti idan aka ga rama ba dalili, ko aman jini, ko baƙin bayan gida, ko tarin dare da zazzaɓi, ko haɗiya tana ƙara wuya mako bayan mako.

Ku kuma iyalai, ku adana takardun aikin, da hotuna, da sunan irin ɗinkin da aka yi, domin likitan da zai ga majinyacinku bayan shekara 15 ba lallai ne ya zama wanda ya yi aikin ba. Ku ba shi lokaci a kan akushi, kada a gaggauta shi, kada a tsokane shi don yana cin abinci a hankali. Ku riƙa tuna masa ranar komawa asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, domin a shekarun da mutum yake jin daɗin jikinsa ne aka fi yin sakaci.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da lada. Amin.